Tambaya da Amsa: Anti, na daina jin daɗin littattafan marubuciyar da nake so

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah wata damuwa ce ta kawo ni, wataƙila wasu su ga ba abin damuwa ba ne amma ni wallahi tana ci min rai. Akwai wata marubuciya da tun ina sakandare nake karanta littattafanta, da can in ta fitar da sabo bana iya barci sai na kai ƙarshe, har fitilar waya nake kunnawa cikin bargo don kar Mama ta gani. To yanzu littattafanta na baya-bayan nan ko rabi bana kaiwa nake ajiyewa, tun shafi na goma na san wa zai auri wa, na san wacce za ta ƙulla makirci, na san a ƙarshe asirinta zai tonu ta zo tana kuka tana neman yafiya. Kuma fa har yanzu ina saye, sai in ji kamar in na daina na ci amanarta. Ƙawata ta ce wai girman kai ne ya shige ni don na fara karanta wasu marubutan. Anti ni ce na canza ko ita ce rubutunta ya lalace?

Daga wata ƙanwarki

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, amin na gode. Ki fara cire maganar girman kai daga ranki, babu shi a nan, mai girman kai ai ba zai zauna yana damuwa da ko ya ci amanar marubuciya ba.

Tambayarki tana da hanyar gwaji mai sauƙi. Ki nemo littafin nan na farko da ya sa kika kamu da sonta, wanda kika karanta cikin bargo, ki zauna ki karanta babi uku kawai, ki kashe data tukunna. Abin da kika ji a babi ukun nan shi zai ba ki amsa fiye da duk abin da zan faɗa miki.

In kika ji har yanzu yana jan ki, kina manta kanki a ciki, to ita ce ta canza, kuma wannan yana faruwa sosai. Littafin farko sau da yawa ya yi shekaru yana yawo a kan marubuci kafin ya sauka a takarda, ba wanda ke jira, ba wanda ke matsa masa. Da suna ya fito sai lissafi ya canza. Yanzu ma abin ya fi tsanani tunda da yawa a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari shafi-shafi, kullum sai an yi posting, in an yi kwana biyu ba a saki ba inbox ya cika da "Anti shiru muka ji", "don Allah a ƙara mana", "wallahi in kika kashe wane mun daina karantawa", to ki gaya min a cikin wannan hayaniyar yaushe za ta zauna ta goge babin da bai yi ba ta sake rubutawa? Babu edita da zai ce mata wannan kin taɓa yin sa, sai ki ga labarin da ya kamata ya ƙare a littafi ɗaya an ja shi har na uku, ana ta bayanin kaya da mota da kalar labule don shafi ya cika. Kuma abin da ya karɓu a baya shi za ta riƙa komawa, don shi ta tabbatar ana so.

Ba yau aka fara ba kuma ba a wajenmu kaɗai ba. Arthur Conan Doyle na Birtaniya, wanda ya ƙirƙiri ɗan binciken nan Sherlock Holmes, ya gaji da shi har ya kashe shi a labari a 1893, ya sa ya faɗa magangarar ruwa ta Reichenbach a Suwizalan, don yana son ya ba littattafan tarihi lokacinsa. Makaranta suka tayar da hankali, ga masu buga littafi suna zawarcinsa, a 1901 ya sake fito da shi a wani labari, a 1903 ya dawo da shi da rai gaba ɗaya. Kin ga kenan wani lokacin marubucin ne ya riga mai karatu gajiya, mu ne muke riƙe shi a wurin da ya so ya bari, daga baya kuma mu ce ya daina burge mu.

Akwai kuma inda sunan ne kawai ya rage. V.C. Andrews ta Amurka ta rasu a 1986 amma aka ci gaba da fitar da sababbin littattafai da sunanta shekara da shekaru, wani marubuci Andrew Neiderman ne ke rubutawa. Ba ina cewa haka ne da taki marubuciyar ba, kar ki je ki ɗora mata zargi, kawai ki san cewa suna a bango ba shi ke tabbatar da daɗin abin da ke ciki ba.

To in kuma kika karanta babi ukun kika ji shi ma tsohon ya yi miki salam, har kina mamakin me ya sa ki kuka a da, to ke ce kika yi gaba, kuma ni a ganina wannan abin farin ciki ne. Yarinyar da ke sakandare ba ta taɓa ganin an ƙulla makirci a labari ba, komai sabo ne a wajenta. Ke kuwa yanzu kin karanta mata littafi kan littafi, kin haddace takunta, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, tun ta ɗaga ƙafa kin san inda za ta sauke. Ita ce ma ta koya miki wannan ganin. Sannan rayuwa ta nuna miki abubuwa, kin ga mutumin kirki ya yi kuskure, kin ga mugun da asirinsa bai tonu ba, shi ya sa labarin da aka raba mutane gida biyu, na kirki fes da mugaye ƙirin, ya daina shiga ranki.

Ki kuma duba abu ɗaya, in ba nata kaɗai ba ne, in kowane littafi kika ɗauka ba kya iya minti goma ba ki leƙa waya ba, to matsalar tana hannunki, ba ta shafe ta ba.

Maganar amana kuwa, ƙanwata, babu bashi tsakaninku. Ta rubuta kin saya kin ji daɗi, kowa ya sauke nasa. Sayen littafin da kin san ba za ki gama ba sabo ne kawai yake jan ki, kuma ita ma ba taimakonta kike ba, don in dai ana saye ba za ta taɓa sanin akwai gyara ba. Ki huta da ita shekara ɗaya ko fiye, ki karanta wasu, in ta fitar da sabo ki jira ki ji daga bakin wanda kika yarda da karatunsa.

Abin da nake roƙonki shi ne kar ki shiga sahun masu zuwa ƙarƙashin posting ɗinta suna rubuta "kin ƙare" ko "basirar ta tafi", wannan yana karya zuciyar marubuci ƙwarai kuma ba ya gyara ko layi ɗaya. In kina son ta ji, ki tura mata saƙo ke da ita, ki fara da littafin da ya taɓa ki da dalilin da ya sa, sannan ki faɗa mata takamaimai, a babi kaza na gane ƙarshen labarin, jarumar nan da ta littafin baya kamar mutum ɗaya ne aka canza wa suna. Irin wannan gyaran marubuciya za ta iya aiki da shi in ta zauna rubuta na gaba.