Ranar farko a wurin gwajin rawar bibbiyu

'Yar'uwa, kin tambayi abin da za ki tarar a wurin gwajin rawar bibbiyu a Yamai, ga shi ba ki da abokin rawa. Kwantar da hankalinki, ana musayar abokai in kiɗa ya ƙare. Ba aji ba ne, kowa na maimaita abin da ya koya. Vals, wata rawar bibbiyu ta Turawa, ƙirga 3 ce, kuma ana zagaya ɗaki saɓanin tafiyar agogo. Ni ranar farko na juya baya, sai karo!

Kada ki sa takalmin roba, yana kama daɓe ya murɗe gwiwa. Ki bar kallon ƙafafunki. Ki riƙo ruwa, kin san zafin garin nan. Gyaran tsayuwa sai malamin rawa, ciwon gwiwa in ya daɗe kuwa sai likita.