Sanatan da ban zaɓa ba, wa yake wakilta?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Garwa: Malam, na sha jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta 'yan majalisa, amma ba a taɓa kirana zaɓen sanata ba. Wa ke zaɓensu, kuma me suke tsinana mana?

Amsa: Alhaji, ba a kira ka ba ne domin doka ba ta ba ka wannan ƙuri'ar ba. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ne ya tanadi Majalisar Dattawa, amma sai a 2013 aka kafa ta. Kujerunta 100, kowane yanki goma. Kansiloli ne ke zaɓen bakwai daga cikin goman, ukun kuma shugaban ƙasa ke naɗawa. Wato hannunka yana isa gare su ne ta hannun kansilan unguwarku kawai. A Najeriya talaka da kansa ke zaɓen sanatoci 109. Chadi kuwa irin hanyarmu ta bi a 2025: sanatoci 69, 23 daga cikinsu naɗaɗɗu.

Amfanin irin wannan majalisa a fili yake. Idan Majalisar Dokoki mai kujeru 180 ta zartar da doka, sai ta zo gaban dattawa su sake dubawa, su gyara ko su mayar da ita. Idan sun ƙi, 'yan majalisa za su iya sake zartar da ita da rinjayen fiye da rabinsu. Aikinsu ke nan, taka burki kada a yi doka cikin gaggawa ko fushi. Haka abin yake a Ingila, inda tun dokokin 1911 da 1949 majalisar sama ba ta iya kashe yawancin dokoki, jinkirta su kawai take yi na kimanin shekara guda.

Ni ba naɗin kansa ke damuna ba. Akwai likita ko tsohon alƙali da ba zai taɓa yawon kamfen ba, ga shi kuwa ƙasa na buƙatar iliminsa. Akwai sarakuna, kamar Lamiɗon Rey Buba da ya zama mataimakin shugaban majalisar na farko a 2013, waɗanda suka san rikicin manoma da makiyaya fiye da duk wani mai zaune a ofis a Yawunde. Damuwata ita ce wanda ke naɗin. Yawancin dokoki daga gwamnati suke fitowa, kuma shugaban ƙasa da ke naɗa gwamnatin nan shi ke ba mutum 30 kujera, shi ke sabunta ta bayan shekara 5. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A zaɓen 2023 jam'iyyar RDPC mai mulki ta kwashe kujeru 70 ɗin baki ɗaya, 'yan wasu jam'iyyun da suka shiga ta ƙofar naɗi suka shiga. To wa zai tashi ya ce a'a?

Wasu ƙasashe sun ga gara a rufe ta. Senegal ta soke tata a 2012 don a kai kuɗin ga waɗanda ambaliya ta shafa, Muritaniya ta bi baya a 2017. Ni na fi son a gyara: a rage naɗaɗɗun, a ba su wa'adi ɗaya tak wanda ba a sabuntawa, don kada su ji tsoron kowa.

Kafin nan, Alhaji, kada ka raina zaɓen kansiloli. Ranar da ɗan takara ya tsaya bakin shagonka yana neman ƙuri'a, ka tambaye shi wa zai zaɓa sanata, ka kuma saurari amsarsa da kyau.