Kunne yana ji, magana ba ta shiga: likita ya amsa tambayoyinku

Likita, wata biyu ke nan da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. In ƙofa ta yi ƙara yana juyowa, amma in ka ce masa "miƙo kofi" sai ya zuba maka ido, ko ya miƙo cokali. Ya kurumce ne?

Allah ya ba Baba lafiya. Wanda ƙarar ƙofa ke juyo da shi da wuya a ce kurma ne. Abin da ka bayyana ya fi kama da wani nau'i na larurar magana da fahimtarta da muke kira afeziya, wadda ke samun kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki. Sauti yana shiga kunne lafiya lau, amma wurin da ke mayar da shi ma'ana, galibi a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ne ya taɓu. Tun 1874 wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya bayyana wannan. Baba yana jin ku kamar masu wani yare ne da bai sani ba, alhali hankalinsa na nan.

Duk da haka a fara auna jinsa, don tsufa ma na rage ji. Daga nan sai ƙwararren mai gyaran magana ya tsara masa horon sauraro. Ana farawa da abu biyu a gabansa, kofi da takalmi, a ce "nuna kofi". In ya ƙware, a kawo kalmomi masu kama a kunne, kamar hoton tuta da na wuta, ko gida da gada. Sannan tambayoyin e ko a'a, sai umarni ɗaya, sai biyu a haɗe: "ɗauki cokali ka sa a kofi". Kaɗan-kaɗan kullum ya fi dogon zama sau ɗaya a mako. Da ya fara hamma ko ɓata rai, a dakata.

Mijina ba ya gane magana sai na maimaita. In riƙa ɗaga murya ne?

A'a 'yar'uwa, ihu ba ya ƙara masa komai sai takaici. Kashe rediyo da talabijin, ki zauna inda zai ga fuskarki, ki yi gajeriyar jimla, ki nuna abin da hannu. Sai ki yi shiru ki ba shi lokaci. Nan ne yawancin iyalai ke gazawa, gaggawar amsa masa suke yi. Kuma gyaɗa kai ba shaidar ya gane ba ce.

Shekara biyu da ciwon mahaifiyata. Lokaci ya ƙure?

Bai ƙure ba. Sauƙi ya fi saurin zuwa a watannin farko, amma masu ci gaba da horo suna samun sauƙi ko bayan shekaru. Akwai manhajojin waya na wannan atisaye, sai dai a tabbatar suna da harshen da Mama ta fi sabawa da shi, kuma mai gyaran magana ya zaɓa mata matakin da za ta fara.