Idan Ciwo Ya Taso Ana Tsakiyar Karatu a Amurka: Amsa Ga Ƙanwata

Assalamu alaikum ƙanwata. Na karanta saƙonki, na kuma fahimci abin da yake hana ki barci: kin samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, amma kina da sikila, kina tsoron kada ciwon ya tashi a tsakiyar zango ya kwantar da ke makonni, a wayi gari karatu ya lalace, biza ma ta tafi. Kin kuma tambaya ko ya fi miki ki yi shiru da maganar ciwon gaba ɗaya. Kada ki yi shiru, domin dokar ƙasar ta tanadi hanya ga ɗalibin da rashin lafiya ya kama, sai dai hanyar tana da tsari, kuma wanda ya saɓa tsarin shi ne yake shiga uku.

Mai bizar ɗalibai ta F-1 wajibi ne ya riƙa ɗaukar cikakken karatu a kowane zango. Ana auna nauyin kwasa-kwasai ne da kiredit: ga masu digirin farko kiredit 12 ne, ga masu digiri na biyu da na uku kuwa makaranta ce take yankewa, kuma a wurare da yawa kiredit 9 ne. Kwas ɗaya kacal na intanet ake lissafawa a cikin wannan adadi. Duk bayananki suna cikin rumbun gwamnati da ake kira SEVIS, kuma a ofishin ɗaliban ƙasashen waje akwai jami'in da gwamnati ta amince da shi, ana ce masa DSO, wanda shi ne yake da ikon rubuta izinin rage karatu a wannan rumbun. Malaminki ba shi da wannan iko, shugaban sashe ba shi da shi, likita ma ba shi da shi. Ki riƙe wannan da kyau, domin malami mai tausayi zai iya ce miki ki ajiye kwas ɗin ki huta, da zuciya ɗaya, alhali bai san abin da hakan zai jawo wa takardunki ba.

Ni kaina saura ƙiris na faɗa wannan ramin. A shekarata ta biyu aka yi mini tiyata a watan Nuwamba, na dawo ɗaki ko tsayuwar minti goma ba na iyawa. Wani dare na buɗe shafin rajista a kwamfuta, ga kwasa-kwasaina uku a jere, kowanne da ɗan akwatin janyewa a gefensa, na kai hannu kan mafi wahalar cikinsu. Da na latsa, da kiredit ɗina ya sauko daga 9 zuwa 6 nan take. Abokiyar zamana ce ta ce in bari gari ya waye in fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Da na je, tambayar farko da jami'ar DSO ɗin ta yi mini ita ce ko na riga na janye, da na ce a'a sai na ga ta sauke ajiyar zuciya. Ta tura ni wurin likitan da ya yi aikin, ya rubuta wasiƙa gajeriya mai kwanan wata da sa hannu, ya ce yana ba da shawarar a rage mini karatu a wannan zangon. Bayan 'yan kwanaki aka ba ni sabuwar I-20, wato takardar shaidar ɗalibta da makaranta take bayarwa, izinin yana rubuce a shafi na biyu, sannan na koma na latsa akwatin nan hankalina kwance.

Tsarin ke nan: likita tukuna, sai wasiƙarsa ta isa ofis, sai izini ya fito, sannan a ajiye kwas. Wanda ya fara ajiyewa kafin izini, ana iya rufe bayanansa a SEVIS a matsayin wanda ya rage karatu ba da izini ba, daga nan kuma sai dai ya bar ƙasar, ko ya cika fom I-539 ya roƙi hukumar shige da fice ta USCIS ta mayar masa da matsayinsa na ɗalibi, ya biya kuɗi, ya zauna jira ba tare da damar yin aiki ba. Na ga wani ɗalibi da wannan ta faɗa wa, ciwonsa na gaskiya ne, takardun asibiti yana da su, abin da ya rasa kawai shi ne sa hannun da ya kamata ya nema tun farko.

Izinin rashin lafiya yana da faɗi fiye da yadda mutane suke zato. Ana iya rage miki karatu zuwa kwas ɗaya, ana iya barin ki ba ko ɗaya, kina zaune a cikin ƙasar kina jinya, matsayinki bai taɓu ba. Ya haɗa da ciwon jiki da ciwon damuwa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa, kuma wasiƙar tana iya fitowa daga likita mai lasisi ko ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi. Iyakarsa ita ce jimillar watanni 12 a kowane matakin digiri, kuma kowane zango sai an sabunta shi da sabuwar wasiƙa. Ga mai ciwon da yake zuwa yana komawa kamar naki, waɗannan watanni tamkar guzuri ne, don haka shawarata ita ce kada ki kashe su a kan tashin da za ki iya shawo kansa ta wata hanya. Jami'o'in Amurka suna da ofishin kula da ɗalibai masu larura, wanda zai iya nema miki ƙarin lokacin miƙa aiki, ko sassauci kan halartar aji, ko ɗage jarrabawa, kuma malami yana iya ba ki damar ƙarasa aikin kwas bayan zango ya ƙare. Ki yi rajista da wannan ofishin tun makon farko, kina da ƙoshin lafiya. Izinin kuma na ciwon ɗalibin ne shi kansa, ba a bayar da shi don jinyar ɗan uwa.

Akwai wani izinin na daban ga wanda Turanci ko salon koyarwa ya yi wa nauyi a farkon zuwansa, amma sau ɗaya ake ba da shi, kuma dole a riƙe rabin karatun.

Idan jinyar ta sa kin gwammace ki koma gida, lissafin ya canza. Wanda ya janye daga makaranta da izini yana da kwanaki 15 ya fita daga ƙasar, kuma idan ya wuce watanni 5 a waje, yawanci sai ya karɓi sabuwar I-20, ya sake biyan kuɗin SEVIS dala 350, sannan ya sake cika shekarar karatu guda kafin ya cancanci OPT, wato izinin yin aiki na ɗan lokaci a fannin karatunsa. Idan bizar da ke cikin fasfo ta ƙare, sai an koma ofishin jakadanci. Tunda kin ce kina duba wasu ƙasashen ma, ki sani a Ingila hutun da ya wuce kwanaki 60 yakan sa jami'a ta sanar da hukuma a taƙaita biza, a Kanada kuwa hutun da makaranta ta amince da shi bai kamata ya wuce kwanaki 150 ba.

Abin da ya fi damuna a kanki shi ne kuɗi da inshora, domin izinin DSO biza kaɗai yake karewa. Inshorar lafiyar ɗalibai a makarantu da yawa tana rataye ne da rajista, tallafin da ake ba mai taimaka wa malami da koyarwa ko bincike shi ma haka, kuma kwana guda a asibitin Amurka ba tare da inshora ba zai iya cinye abin da iyali suka tara na shekaru. Saboda haka kafin ki amsa tayin, ki rubuta musu ki tambaya ko inshorar tana ci gaba idan an rage karatu zuwa sifiri, ko tana biyan kuɗin ciwon da mutum ya zo da shi tun daga ranar farko, da kuma abin da zai faru da tallafinki. Ki nemi amsar a rubuce. Ki duba ko akwai likitan jini kusa da makarantar, tunda kin san sanyi yana tayar da sikila kuma hunturun jihohin arewa mai tsanani ne. Ki taho da bayanan asibitinki cikin Turanci da jerin magungunan da kike sha, ki kuma ga likita a can tun kafin ciwon ya tashi, domin likitan da ya riga ya san ki ya fi saurin rubuta wasiƙar ranar da aka buƙace ta. Idan sun amsa miki, ki turo mini mu duba tare. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa ki fara a sa'a.