Malam, ya halatta in koyi maƙama da manhajar da ke kaɗa fiyano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ladan ne a wani masallaci nan Bolari cikin Gombe, na sauke wata manhaja a waya, tana kaɗa sauti biyu da fiyano sai ka faɗi wanne ya fi tashi sama, daga nan ta shiga koya maka maƙama, wato salon rera murya na Larabawa, irin su Bayati da Hijaz da Nahawand. Wlh ba waƙa nake so ba, kiran salla da ƙira'a nake son gyarawa. Ya hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Horar da kunne a karan kansa babu laifi, ai mu Hausawa da shi aka haife mu, in ba haka ba ta ina kake bambance kukan jariri da kukar miya? Kuma Annabi (SAW) ya ce a ƙawata Alƙur'ani da muryoyi, ya kuma yabi muryar Abu Musal Ash'ari.

Matsalar fiyanon ne. Jumhurun malamai sun hana kayan kiɗa saboda hadisin ma'azif (wato kayan kiɗa) da ke cikin Bukhari, sai duffi, wato ƙaramar ganga mai fuska ɗaya, da aka yi rangwame a biki. Ibn Hazm, malamin Andalus, ya saɓa musu, ya ce hadisin bai inganta ba, amma malaman hadisi sun mai da masa martani, ni dai ban rinjayar da maganarsa ba. Wasu kan ce ai sautin waya ne ba a taɓa kayan kiɗa ba, to kunne dai abin da ya ji shi ya ji.

Sai kuma wanda ya fi damuna, kai ba ka ma tambaye shi ba. Imamu Malik ya ƙi a riƙa rera Alƙur'ani kamar waƙa, haka yake a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure, don mai bin maƙama sau tari sai ya ja maddi ya wuce gona da iri ko ya haɗiye gunna don kawai sautin ya zauna, wannan kam haramun ne, tajwidi ne gaba maƙama na biye.

Saboda haka in manhajar tana da zaɓin muryar mutum zalla, yi amfani da ita. In fiyano ne kawai, goge ta, ka lizimci sauraron Husari da Minshawi kana maimaitawa, sannan ka samu malamin tajwidi ka riƙa biya masa baki da baki. Wallahu a'alam.