An Soke Rajistar Kamfaninmu, Wa Zai Amsa Wasiƙar Haraji?

Tambaya: Ni da abokina mun buɗe ɗan ƙaramin kamfani, da ma'aikata uku. Kasuwa ta ja baya, muka rufe, aka soke rajistarmu a watan Agusta. Sai ga wasiƙa daga hukumar haraji tana neman bayanan shekara. Ashe ba shi ke nan ba, tunda kamfanin babu shi?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Rufe abin da mutum ya gina da guminsa akwai ciwo, amma wasiƙar nan kada ka jefa ta ƙarƙashin katifa. Ofishin da ke yi wa kamfanoni rajista daban, hukumar haraji daban. Na farko ya goge sunanku, ta biyun kuwa fayil ɗinku yana nan buɗe a wurinta har sai kun je kun rufe shi da kanku.

Abin da ake nema shi ne bayanin haraji na ƙarshe: lissafin shiga da fita daga farkon shekarar kuɗinku zuwa ranar da kuka daina ciniki, a nuna a jikinsa cewa daga shi babu wani. Ko asara kuka yi, ko sisi bai shigo ba, a cike a miƙa, domin tarar rashin miƙa bayani daban take da harajin kansa, kuma a wurare da yawa ƙaruwa take yi muddin ana jinkiri. Kayan da kuka sayar wajen rufewa, injina ne ko mota ko ragowar haja, su ma suna cikin lissafin.

Inda na fi jin tsoro a kanka shi ne kuɗin da kuka karɓa a madadin gwamnati: harajin da kuka cire daga albashin ma'aikatan nan uku, da VAT, wato harajin sayen kaya, da kuka ɗora wa masu saye, in kuna da rajistarsa. Wannan kuɗin tun asali ba na kamfani ba ne, amana ce a hannunku. Kariyar da kamfani ke ba mai shi, wadda ke hana a taɓa dukiyarsa saboda bashin kasuwanci, a nan take yin rauni. A Amurka, hukumar harajin ƙasar, IRS, tana iya bin wanda ke da alhakin biya shi kansa, ta karɓi adadin harajin albashin da aka cire ba a miƙa ba gaba ɗaya. Haka kuma in kai da abokinka kun raba ragowar kuɗi kafin a sallami hukuma, ana iya bin ku har iya abin da kowa ya ɗauka. Na ga abota ta shekaru ta lalace a daidai wannan gaɓar, don haka ku zauna yanzu ku rubuta wa zai biya nawa.

Wa'adi kuwa kowace ƙasa da nata. A Amurka, kamfani yana miƙa wa IRS fom mai lamba 966 cikin kwana 30 da yanke shawarar rushewa. A Birtaniya, wanda ya nemi a soke rajista sai ya aika wa hukumar harajin ƙasar, HMRC, kwafin takardar cikin kwana 7, abin da ya rage a asusun banki bayan sokewar ya zama na gwamnati, kuma mai bin bashi yana da shekara 6 ya roƙi kotu ta dawo da kamfanin don ya karɓi haƙƙinsa.

Ka ɗauki wasiƙar, da takardar soke rajista, da bayanan banki da na albashi, ka kai wa akanta mai lasisi cikin makon nan. A amsa wa hukumar a rubuce, a faɗi ranar da aka daina ciniki, a nemi rufe lambar harajin kamfanin da rajistar VAT da ta albashi, kowace da kanta. In kuɗin biya bai cika ba, a miƙa bayanan duk da haka, sannan a roƙi biya kashi-kashi. Rasidai da littattafai kuma kada a ƙona su; a Birtaniya shekara 7 ake so a ajiye su bayan sokewa, kai ma ka riƙe naka aƙalla haka.