Filin Masunta: Mazubin dalmata ya ƙi karɓar ƙugiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a Warra, ƙaramar hukumar Ngaski. Ina da mazubi na alminiyam mai ɓari biyu, wanda wani mai zubin tukwane ya yi mini a Yelwa, da shi nake zuba dalmar fatsa. Na ga wasu baƙi suna kama giwan ruwa da koton ƙarya, wato kan dalma da ƙugiya a jikinsa da gashi a baya, sai na ce bari in juya nawa mazubin ya riƙa fitar da irinsa. Da na sa ƙugiya sai ya ƙi rufuwa. Na matsa masa da guduma, yanzu dalma ta gefe take tsiyaya. Wanda ya fito kuma kwanciya yake yi a ruwa, yana maƙalewa a itace. Yaya zan gyara? Sannan dalmar tsohon batirin mota za ta yi? Daga wani mai karatu, Warra.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ya ruwa? Allah ya ba da sa'a.

Abin da zan fara roƙonka shi ne ka ajiye gudumar nan. Alminiyam ƙarfe ne mai laushi, ƙugiya ta fi shi tauri nesa ba kusa ba, don haka duk bugun da ka yi fuskar mazubin ce ta sha shi, kuma ta nan dalmarka take tsiyaya. Amma mazubin bai mutu ba. Samo lafiyayyen gilashin taga ka shimfiɗa samfefa mai laushi a kai. In akwai ƙusoshin da ke daidaita ɓarin biyu, cire su tukuna. Kifa ɓari ɗaya ka riƙa gogawa kana zagayawa har fuskar ta yi haske bai ɗaya, ka yi wa ɗayan haka. Haɗa su ka ɗaga wajen rana. In haske yana ratsowa ta tsakani, da saura.

Sai hanyar ƙugiya. Kunna kyandir ka turara fuskokin biyu har su yi baƙi ƙirin. Ɗora ƙugiyar daidai inda kake so ta zauna, ka rufe a hankali, ka danna da hannu kawai. Kana buɗewa za ka ga sawunta ya fito a kowane ɓari, to shi za ka bi. Rabin kaurin ƙugiyar za ka haƙa a wannan ɓarin, rabi a wancan. Mutane da yawa suna haƙa duka a ɓari ɗaya don sauƙi, sai ƙugiyar ta goce ta koma gefe ɗaya, koton ya riƙa tafiya a kaikaice. Ƙaramin magagari mai zagaye irin na masu gyaran agogo shi ya fi, in babu, guntun zarton ƙarfe ko wayar ƙafar keke da aka wasa bakinta za ta yi. Goga kaɗan, gwada, sake turarawa, goga kaɗan. Aikin irin na tela ne, yadin da almakashi ya ci ba ya dawowa. In hannunka ya riga ya zarce ramin ya yi faɗi, akwai jan gam ɗin gasket da kanikawa ke shafa wa inji, yana jure zafi. Cika ramin da shi, shafa wa ƙugiyar ɗan mai, kwantar da ita, ka rufe ka ɗaure ya kwana. A hanyar ƙugiya kawai yake aiki, kada ka sa shi cikin ramin da dalma ke zama.

Maganar kwanciya a ruwa ita ce ainihin damuwarka, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Mazubinka an yi shi ne don dalmar fatsa, wadda aikinta nutsewa kawai, ba ruwanta da sama ko ƙasa. Koton ƙarya kuwa yana da ciki yana da baya. Dole yawan nauyin ya kasance a ƙarƙashin sandar ƙugiya, inda ake ɗaura igiya kuma ya kasance a saman kai, ya ɗan matso gaba. In haka ta samu, tsinin ƙugiya sama zai riƙa kallo, cikin dalmar ne zai riƙa taɓa dutse da itace ya wuce. Ka fi ni sanin ruwanku. Tun da aka datse kogin Neja a Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da itatuwa da tsofaffin garuruwa, kuma a jikin waɗannan kututture da duwatsun giwan ruwa ke laɓewa yana jiran ƙananan kifaye irin su kawara. Koton da ba zai iya ratsa wurin ba, asarar ƙugiya kawai za ka yi ta yi. Saboda haka ka ja hanyar ƙugiyar ta bi ta saman ramin, ba ta tsakiyarsa ba, sannan ka ƙara zurfin cikin daga ƙasa, daidai wa daida a ɓarin biyu.

Ƙugiyoyin da aka yi musamman don wannan koto wuyansu a lanƙwashe yake, idon yana kallon sama. Waɗanda muke samu a kasuwanninmu miƙaƙƙu ne. Kada ka ce za ka sa ta a wuta ka lanƙwasa, wuta tana kashe taurinta, ranar da babban kifi ya kama sai ta miƙe ya tafi. In ka lanƙwasa da sanyi kuma tana iya karyewa. Abin da nake yi shi ne in samo wayar da ba ta tsatsa, in zura ta cikin idon ƙugiyar, in murɗe, in yi mata ɗan zobe da zai leƙo ta saman kai. Sai a yi wa wannan zoben nasa gurbin a mazubi, a wajen ramin dalma, matsattse yadda dalma ba za ta cika shi ba. Da haka ƙarfe ne ke riƙe da kifinka tun daga igiya har tsini, dalmar nauyi kawai take bayarwa. A bayan kan kuma ka haƙa ɗan siririn wuya mai tudu a ƙarshe, nan za ka ɗaure farin gashin akuya ko gashin kaza ba tare da ya zame ba.

Duk inda za ka ƙara zurfi, ramin ya fi faɗi a bakinsa, wato inda ɓarin biyu ke haɗuwa, ya riƙa tsukewa zuwa ciki. In ciki ya fi baki faɗi, zubin zai maƙale ya ƙi fita. Kuma kada ka yi gwaji da dalma. Shafa ɗan mai ka zuba narkakken kyandir da ƙugiyar a ciki, siffar za ta nuna maka inda ya karkace. Nauyi ma kana iya saninsa tun kafin zubi: ɗiga ruwa da sirinji a kowane ɓari ka ga abin da ya ci, ka haɗa na ɓarin biyu, kowane mililita 1 na ruwa dalma ce ta kusan giram 11. A ganina giram 15 ya isa a kwantaccen ruwa, inda ruwa ke gudu ko zurfi ya yi yawa sai 30 zuwa 40.

Bayan wannan awon, ka busar da mazubin sarai ka ɗora shi gefen gawayi ya ɗau zafi. Dalma tana narkewa ne a digiri 327, ɗigon ruwa ɗaya in ta rufe shi zai zama tururi nan take ya watso maka ita a fuska. Ko gumin goshinka kada ya ɗiga. Zafin mazubi kuma shi ke hana zubi fitowa da tamoji ko ya tsaya rabi. In duk da haka wuyan bai cika ba, buɗa bakin zubin ya yi kamar mazurari, sannan ka ja siririn layi da reza daga ƙarshen wuyan zuwa waje don iska ta sami mafita.

Batun batiri, a'a, ka rufa wa kanka asiri. Dalmar cikinsa gauraye take da wasu ƙarafa, ga ruwan batir a jikinta, hayaƙinta mugu ne, dattin da ke tasowa a samanta kuma in ya jiƙe yana iya fitar da iska mai guba. Dalmar tsohon birgi ko taru ta ishe ka. Ita ma ɗin ba abar wasa ba ce, kuma wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. A 2010, a maƙwabtanmu Zamfara, yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Garin da magagarinka ke zubarwa in kana gyara kan koto, dangin wannan ƙurar ce. Ka yi aikin a fili, nesa da gida, iska tana kaɗawa daga bayanka. Shimfiɗa buhu ya tare garin. Gwangwanin narkawa da ludayinsa kada su koma madafi har abada, rigar aikin kada ta shiga ɗaki, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci ko goro ne. Yara kada su tsaya kallo, kuma ka daina datse dalma da haƙori in kana yi.

In za ka iya samun kuza, ta fi mini kwanciyar rai duk da tsadarta. Tana narkewa a digiri 232, tana fitowa da ƙyalli ba sai ka yi fenti ba. Sai dai ba ta kai dalma nauyi ba, mazubin da ke ba ka giram 30 na dalma, kusan 19 zai ba ka na kuza, don haka sai ka ƙara wa cikin zurfi. Ka fara gwada koton a lokacin sanyi, sa'ad da ruwan da ya biyo ta Mali ya iso tafkin ya washe, domin da ido giwan ruwa ke farauta. Ka kuma sa taƙi ɗaya na waya tsakanin koton da igiya, kifin tsage yana son ƙyalli, haƙoransa kuma ba sa barin igiya.